Jariri, Dare da Robar Tsotso

(Taken shiri. Kiɗa ya lafa, murya ta shigo.)

Shirin yau naku ne, jama'a masu saurarenmu na birni da ƙauye, musamman iyayenmu mata da ƙannenmu masu goyo na Tungar Daji, da sauran tungaye da garuruwan ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum.   Allah Ya raya mana jariranmu bisa imani, Ya sanya albarka a cikin rayuwarsu, amin.

Mas'alar da za mu tattauna a yau ƙarama ce a ido, har ma wani dattijo zai iya cewa me ya kai rediyo ga zancen kukan jariri, alhali ga manyan al'amura sun dami ƙasa. Amma duk macen da ta taɓa tashi sau biyar ko shida tsakanin lisha da assalatu, tana lalube cikin duhu tana neman 'yar robar nan da ta suɓuce daga bakin ɗanta, sa'an nan gari ya waye ta hura wuta, ta ɗebo ruwa, ta kama surfe tamkar wadda ta kwana tana barci, to ita ta san nauyin abin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka za mu yi magana a kan dalilin da ke sa jariri farkawa da dare, da kuma robar tsotson nan da ake sayarwa a shagunan magani da ranar kasuwa, wadda ake sa wa yaro a baki don ya yi shiru: mene ne fa'idarta, mene ne illarta, kuma me ya sa hukuncinta a ƙasarmu ya fi na wasu wurare tsanani.

Farkon abin da ya kamata mu fahimta shi ne yadda Allah Maɗaukakin Sarki Ya tsara barci. Likitocin da suka daɗe suna nazarin wannan fage, waɗanda har na'ura suke maƙalawa a kan mai barci domin su ga motsin ƙwaƙwalwarsa, sun tabbatar da cewa barcin ɗan Adam tafiyar guga yake yi a rijiya: ya nutse can ƙasa, ya taso kusa da baki, ya sake komawa, haka har gari ya waye. Ga baligi, kowace nutsewa da tasowa takan ci kimanin minti 90; ga jariri kuwa igiyar gajera ce, ba ta wuce minti 50 zuwa 60 ba, kuma kusan rabin barcinsa a makonnin farko marar nauyi ne, irin wanda za ki ga idanunsa suna motsi a rufe, yana murmushi, yana ƙananan gurnani, har ki yi zaton ya farka alhali bai farka ba. Mu manya ma mukan taso bakin rijiyar nan sau da dama a dare guda, sai dai mukan gyara kwanciya, mu ja mayafi, mu koma, da safe ko tunawa ba ma yi. Bambancinmu da jariri shi ne mu mun san hanyar komawa, shi kuwa yanzu yake koyonta.

A nan ne asirin robar tsotso yake. Ku ɗauki misalin falke wanda dare ya yi masa a kasuwar Gummi, ya kwanta a rumfa, ya yi matashin kai da jakar kuɗinsa. In ya motsa cikin dare ya ji jakar tana nan, barcinsa zai ci gaba. In kuwa ya motsa ya ji wayam, to zumbur zai miƙe, kuma ba shi ba barci sai ya gan ta. Haka jariri yake: halin da barci ya ɗauke shi a cikinsa, shi yake nema in ya taso. Wanda ya yi barci da roba a baki, da barci ya yi nauyi muƙamuƙinsa zai saki, robar ta faɗi. Bayan sa'a guda ya taso, ya ji bakinsa wayam, ga shi hannunsa bai ƙware ba balle ya lalubo ta da kansa, sai ya kira wadda ya saba kira. Wannan ne ya sa uwaye da yawa suke cewa robar ta yi musu rana a watannin farko, amma da yaro ya kai wata 4 sai ta zama ita ce ke tashin su, domin a daidai wannan lokaci ne barcin jariri yake sake fasali, tasowarsa ta ƙara bayyana. Kun ga an ɗauki bawa don ya yi hidima, an wayi gari shi ake yi wa hidima.

Sai dai kada mu ɗora wa roba laifin kowace farkawa, domin a cikin farkawar jariri akwai hikima babba. Tumbin jariri ranar da aka haife shi ɗan mitsitsi ne ƙwarai, nonon uwa kuma abinci ne mai saurin narkewa, shi ya sa sabon haihuwa yake bukatar kama nono sau 8 zuwa 12 a yini da kwana. Tsotson dare kuwa shi ne ke umurtar jikin uwa da ya ƙara kawo ruwan nono, kasancewar sinadarin da ke haddasa samuwarsa ya fi yawa cikin dare; kuma shi ne ke taimakawa wajen jinkirta dawowar al'ada, har likitoci suka ce macen da ke shayar da nono zalla dare da rana, ɗanta bai kai wata 6 ba, jini kuma bai dawo mata ba, da wuya ƙwarai ta yi kwanika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wasiyya da a shayar da jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗa masa ba, sa'an nan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Wannan adadi na shekara 2 kuwa mun riga mun san shi tun daga Suratul Baƙara, malamanmu kuma sun yi bayanin hukunce-hukuncen shayarwa da reno a littattafan fiƙihu irin su Risala. Saboda haka jaririn wata 2 ko 3 da ke tashi ya sha nono ya koma barci ba shi da cuta, uwarsa kuma ba ta gaza ba. Haƙƙinsa yake karɓa.

Akwai kuma masu tayar da yaro waɗanda ba su da alaƙa da ciki ko baki: zafin bazara a ɗakin kwano, da sanyin hunturu da ke busar da hanci har numfashi ya toshe, da sauro a damina, da kuɗin cizo a tabarma, da jiƙaƙƙen tsumma, da hayaƙin wutar da ake hura wa mai jego a cikin ɗaki, da ƙaiƙayin dasashi lokacin haƙori. Uwar da ta toshe kowane kuka da roba, ba tare da ta bincika ba, kamar mai gida ne da aka buga masa ƙofa da dare, maimakon ya tambayi wane ne, sai ya toshe kunnensa da auduga.

To, ina robar nan ta samo asali? Ita dai bukatar tsotso halitta ce, domin na'urar hoton ciki takan nuna ɗan tayi yana tsotsar yatsansa tun bai zo duniya ba, kuma tsotso yana kwantar wa jariri da hankali ko da ba yunwa yake ji ba. Mutanen Turai na dā sukan ƙulle sukari ko gurasa a cikin tsumma su ba jariri ya tsotsa. Sai wajen shekarar 1900 wani mai sayar da magani a birnin New York na Amurka, mai suna Christian Meinecke, ya yi rajistar irin wadda muka sani a yau, mai kan nono na roba da faifan da ke tokare leɓe. Daga can ta bazu duniya, ta iso mana tare da bulumboti da madarar gwangwani. Kakanninmu ba su san ta ba. Abin da suka sani shi ne nono, da goyo a baya, da jijjigawa, da waƙar rarrashi, kuma da waɗannan suka reni al'umma guda.

Adalci ya wajabta mu ɗora ta a mizani, mu faɗi abin da ke gare ta kafin mu faɗi abin da ke kanta. Akwai wata musiba da likitoci ke kira mutuwar fuju'a a cikin barci, inda akan kwantar da jariri lafiya lau a wayi gari ya cika ba tare da an gano sababi ba. Bincike a ƙasashen Turai da Amurka ya nuna cewa jariran da ake ba robar tsotso lokacin kwanciya ba su cika gamuwa da wannan ba kamar sauran, har ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2005 cewa a riƙa miƙa wa jariri ita lokacin barci, bisa sharaɗin shayarwa ta riga ta kankama, in kuma ta faɗi bayan ya yi barci ba sai an mayar ba. Amma babban abin da ya rage wannan musiba a ƙasashen can, har ta ragu da fiye da rabi tun daga shekarun 1990, shi ne kwantar da jariri rigingine maimakon rub da ciki, da nisanta shi daga hayaƙi, da kawar da matashi da lallausan bargo daga fuskarsa. Shayar da nono ma kariya ce. Waɗannan kuwa ba sa cin ko kwabo.

Dangane da illa, ta farko ita ce takan ɓoye yunwa. Jariri yakan nuna yana son nono ta hanyar juya kai da tsotsar hannu tun kafin ya yi kuka, in aka tare shi da roba sai ya gaji ya yi barci da ciki wofi, tsotso ya ragu, nono ya ja baya, uwa ta fara cewa nonona ba ya isar sa, daga nan sai ruwa da kunu da madara tun lokacinsu bai yi ba. Don gudun haka ne matakai goma na kyautata shayarwa, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun UNICEF suka fitar a 1989, suka hana ba jariri mai shan nono robar tsotso a ɗakin haihuwa. Da aka sabunta su a 2018 sai aka sassauta, aka ce a yi wa uwa bayanin amfaninta da haɗarinta, wato abin da muke yi yanzu ke nan. Illa ta biyu, yaron da ya zarce wata 6 yana tsotsar ta ya fi saurin kamuwa da ciwon kunne, wanda shi kansa babban mai hana barci ne. Ta uku, in ya ɗore da ita har ya wuce shekara 2 zuwa 3, takan turo haƙoran sama waje, ta bar giɓi tsakaninsu da na ƙasa. Ta huɗu kuwa, wadda ta fi shafarmu, ita ce abin da robar ke kwasowa daga ƙasa.

(Ɗan gajeren kiɗa.)

Ga wanda yanzu ya kama mu, shirin faɗakarwa ne a kan farkawar jariri da dare da kuma robar tsotso, mun kuwa iso gaɓar da nake roƙon mutanen Tungar Daji da maƙwabtansu su ƙara ba ni aron kunnuwansu.

Ba sai an ba ku labarin shekarar 2010 ba, domin a gabanku aka yi, wasunku kuma da hannunsu suka kai 'ya'yansu makwanci. Allah Ya sa masu ceto ne. A watan Maris na waccan shekara ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, waɗanda suka shigo domin sa ido a kan sanƙarau, suka tarar da ƙananan yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da amai da taune-taune da suma, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu aiki. Da aka auna jininsu sai aka ga gubar dalma ce. Sababin kuwa shi ne farashin zinariya ya tashi a kasuwannin duniya, jama'a suka duƙufa haƙo dutse, dutsen nan kuma Allah Ya haɗa zinariyarsa da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi, ana shanya shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun ƙirga a ƙauyuka biyu kawai, Dareta da 'Yargalma, suka sami yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya daga kowane huɗu. Jimillar waɗanda aka rasa a yankin kuwa ba ta gaza 400 ba. Daga 2010 zuwa 2011 aka bi Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru da Tungar Daji gida-gida, aka kankare saman ƙasa aka binne ta, aka zuba sabuwa. Bagega kuwa sai a 2013 ta sami nata rabon. Dubban yara aka yi wa magani, har zuwa 2022 lokacin da ƙungiyar ta miƙa aikin ga hukumomin jihar Zamfara.

Darasin da wannan annoba ta bar mana shi ne hanyar da guba ke bi ta shiga jikin yaro, wato daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta wari, ba ta da ɗanɗanon da zai sa yaro ya tofar. Jikin ƙaramin yaro kuma yana zuƙe ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin baligi ke zuƙewa daga abin da ya haɗiya, masana kuma sun ce babu wani gwargwado nata a jinin yaro da za a kira shi marar illa, domin ko ba ta kashe ba takan dakushe ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi karatu na yi masa wuya. Yanzu ku dubi robar tsotso: aba ce jiƙaƙƙiya da yawu, mai kama ƙura kamar danƙo, tana faɗuwa sau goma a yini, a tsakar gida da ƙarƙashin gado, a ɗauka a goge da bakin zane, ko uwa ta lashe ta da bakinta, a mayar wa yaro. A wani gari abin da ake tsoro a nan gudawa ce da ƙurajen baki. A garin da ake aikin dutse, ko maigida ke dawowa da ƙurarsa a tufafi da takalmi, abin tsoron ya wuce haka. Ku kuma riƙe wannan da kyau: tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta kashe dalma, dalma sai dai a wanke ta da sabulu da ruwa mai tsabta ta fita. Haka nan tozalin dutse da ake ranɓaɗa wa jarirai, da yawansa dalma ce, yaro kuma yakan murza ido ya sa hannu a baki. Malaman usulu suna da ƙa'idar cewa tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani. Bisa wannan ƙa'ida, shawarar da zan ba uwar da ɗanta bai fara roba ba ita ce kada ta fara.

Wadda kuwa ɗanta ya riga ya saba, kada ta ɗauki wannan a matsayin zargi, domin gajiya ce ta kai ta, ga shi kuma darenmu a shekarun nan ba na kwanciyar hankali ba ne, akwai uwayen da tsoro ya sa ba sa son ko tarin jariri ya fita waje. Abin da za ki yi, 'yar'uwa, shi ne ki fara ƙuntata wa robar fili: ki raba ta da rana ɗungurungum, ta zama ta kwanciya kaɗai, a wanke ta da sabulu, a tafasa, a ajiye a kwano mai murfi, in ta taɓa ƙasa, to ta gama aikinta na wannan dare. Kada a ɗaura mata zare a rataya a wuyan yaro kamar laya, domin zare yana shaƙewa. In ta tsage ko ta yi danƙo a jefar. Sa'an nan ki shiga koya masa hanyar komawa barci ba tare da ita ba. Ki tsara masa al'ada guda da za ki riƙa maimaitawa kowane dare bayan magariba: wanka ko shafa da ruwan ɗumi, mai a jiki, nono har ya ƙoshi, addu'a, rage hasken fitila, sa'an nan shimfiɗa a cikin gidan sauro. In kin ba shi robar, ki jira har tsotsonsa ya yi sanyi, idanunsa sun lumshe amma barci bai gama ɗauke shi ba, sai ki zare ta a hankali, ki ɗora hannu a ƙirjinsa kina bubbugawa. In ya tayar da hankali ki mayar, ki sake gwadawa, yau da gobe har ya zama barci yana ɗauke shi bakinsa babu kome. In ya motsa cikin dare, ki ɗan saurara kafin ki kai hannu, la'alla tasowar guga ce kawai, zai koma da kansa. In ya buɗe murya, ki duba tsummansa da jikinsa, in lokacin nono ne ki ba shi.

Daga wata 6 zuwa cikar shekara shi ne lokacin da ya fi dacewa da wannan rabuwa, domin haɗarin mutuwar fuju'a ya ragu ƙwarai, na ciwon kunne kuma ya fara ƙaruwa, yaro kuma bai yi wayon da zai yi ta cigiyarta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a haɗa ta da yaye, ko rashin lafiya, ko tafiya, don kada a tara wa yaro rashi biyu a lokaci guda. Kwanakin farko za su yi tsauri, amma in aka daure aka tsaya a kan magana ɗaya, kukan yakan ragu dare bayan dare. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai abubuwa biyu da nake gargaɗi a kansu da babbar murya. Na farko zuma: kada a tsoma roba a cikinta, kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara ba, domin ko da yake waraka ce ga manya, tana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba, ta shanye masa jiki har numfashi ya gagara. Na biyu, maganin sa barci, ko na tari da mura da ake ɗura wa yaro don ya yi shiru, ko na haƙori da ake saya ba tare da likita ba. Ba mu manta ba, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da gurɓataccen sinadari, ya lalata ƙodar jarirai a Legas da Ibadan da Zariya, yara 84 suka rasu, kafin hukumar NAFDAC ta gama kwashe shi daga kasuwa. Uwayensu ba su nufi kome ba face sauƙi ga 'ya'yansu. Barcin da magani ya kawo buguwa ce, kuma yana iya ɓoye cutar da ya kamata a gani da wuri.

Cutar da ya kamata a gani da wuri kuwa tana da alamomi: zafin jiki, musamman ga wanda bai kai wata 3 ba, ƙin kama nono, amai bayan kowane sha, numfashi da sauri ko faɗawar haƙarƙari, faɗawar maɗiga ko kumburinta, taune-taune, kuka mai tsini wanda ba ya jin rarrashi, ko kuma yaro ya yi laƙwas a kasa tayar da shi. Duk wanda aka gani daga cikin waɗannan, a yi addu'a a kan hanyar asibiti, kada a jira wayewar gari in da hali. In kuma gidan yana da alaƙa da aikin dutse, a gaya wa ma'aikacin lafiya, a nemi a auna jinin yaro. Da damina kuma kada a ƙi maganin rigakafin zazzaɓin nan da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5.

Saura magana ga iyayenmu maza da kakanni. Malam mai gida, sau da yawa tsawar da kake yi daga shimfiɗarka, cewa a hana yaron nan kuka, ita ce ke tura matarka shagon magani. Alhali ɗa naka ne, renonsa amana ce a wuyanku ku biyu. Ka karɓe shi ka saɓa a kafaɗa ka zaga tsakar gida, ba abin kunya ba ne, ka kuma ɗauke mata wani aikin rana don ta rama barci. In kana aikin dutse, ka bar dutsen a wajen gari, ka yi wanka ka sake tufafi kafin ka shigo, ka bar takalminka a zaure. Inna da Gwaggo, ku da kuka reni goma, yarinyar nan mai ɗan fari da ta zo goyon ciki, kunya ba za ta bar ta ta tambaye ku ba. Maimakon gorin cewa ba ta iya reno ba, ku goya mata shi da hantsi ta runtsa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ke kuma da za ki tashi a daren nan, in kin ji hannunki ya kai ƙasa yana lalube, ki tuna abin da ƙasar nan ta taɓa yi mana, ki janye shi, ki ɗora a bayan ɗanki. Kwanakin nan ƙidayayyu ne. Wata rana shi ne za ki yi ta buga wa ƙofa don ya tashi sallar asuba.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya ba masu jego lafiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya jiƙan yaran da suka riga mu. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu. 

(Taken rufewa.)